Gani ya kori ji: yadda bidiyo ya kai masu jita ƙofar kamfanonin faifai



Duk wanda ya je biki a Tawa ko Agadas ko Yamai a ƴan shekarun nan ya san abin da zan faɗa. Da mai jita ya saƙala jitarsa a wuya, kafin ya taɓa tsirkiya ɗaya, wayoyi ashirin sun tashi sama. Washegari bidiyon yana yawo a WhatsApp, kuma ba a rasa wanda zai ce wa yaron: “Wallahi wannan in Turawa suka gani, ka tafi ke nan.” To, wai gaskiya ne? Bidiyo kan sa kamfanin faifai ya nemi ƙungiyar makaɗa ya ba ta kwantiragi? Tarihin kiɗan rok ya ce e, ya sha faruwa, har ga ƴan Nijar. Sai dai akwai sauran magana bayan e ɗin, kuma ita ce ta sa na ɗauko wannan tarihi yau.

Ga wanda bai saba ba, rok shi ne kiɗan jitar lantarki da jitar bas da ganguna, wanda ya taso a Amurka a shekarun 1950, ya bunƙasa a Ingila, ya bazu duniya. Kamfanin faifai kuwa shi ke biyan kuɗin sitidiyo, ya buga faifai, ya rarraba, ya yi talla, sannan ya ɗebi kasonsa. A da, in ba ka da kamfani, waƙarka ba ta wuce garinku.

Zamanin kaset ɗin gwaji

Kafin bidiyo, hanya biyu ce. Ko dai wakilin kamfani ya zo ya gan ku kuna wasa a wani ɗan ƙaramin gidan rawa, ko ku naɗi waƙoƙi uku huɗu a kaset ku aika. Wannan shi ake kira demo, wato naɗin gwaji. Kamfanoni suna da ma'aikata na musamman masu farautar sababbin mawaƙa, kuma kaset kan taru a teburinsu tuli guda, da yawa ba a ko saurara.

Ko an saurara ma, kunnen mutum ɗaya ne ke yanke hukunci. Ranar 1 ga Janairu 1962, wasu samari huɗu daga Liverpool suka je Landan, suka naɗi waƙoƙi 15 a sitidiyon kamfanin Decca. Kamfanin ya saurara ya ce ba ya so, ya ɗauki wata ƙungiya daban mai suna Brian Poole and the Tremeloes. Samarin nan su ne Beatles. Manajansu Brian Epstein bai jefar da naɗin ba, ya yi ta yawo da shi har ya kai ga George Martin na Parlophone, wani reshe na kamfanin EMI, kuma kafin shekarar ta ƙare faifansu na farko ya fito. Abin da Decca bai gani ba shi ne abin da ƴan Liverpool ke gani kullum: yadda jama'a ke rikicewa in yaran nan suka hau dandali. Kaset murya kawai yake ɗauka, ba ya nuna fuska ko taro. Ɗaukar ƙungiya da kaset kaɗai kusan cinikin biri ne a sama.

Waɗanda suka fara da fim

Cikin waɗanda suka fara gane cewa hoto na iya yin abin da kaset ya kasa, akwai ƙungiyar Devo ta birnin Akron a jihar Ohio, garin masana'antun tayar mota, nesa da New York da Los Angeles inda kamfanoni suke. Kiɗansu baƙo ne, shigarsu baƙuwa ce, a garinsu ma ba kowa ke sonsu ba. A 1976 suka haɗa kai da wani abokinsu, Chuck Statler, suka yi gajeren fim na kimanin minti goma da waƙoƙinsu biyu a ciki. A 1977 fim ɗin ya ci kyauta a bikin finafinai na Ann Arbor. Sunansu ya fara fita daga Ohio, manyan mawaƙa irin su David Bowie da Iggy Pop suka tsaya musu, kuma a 1978 kamfanin Warner Bros ya fitar da faifansu na farko, wanda Brian Eno ya naɗa a Jamus. Ba fim ɗin kaɗai ya yi aikin ba, sun yi ta wasa a New York da sauran wurare. Amma shi ya nuna wa mutanen da ba su taɓa taka Akron ba ko su wane ne Devo.

A lokacin fim abu ne mai tsada, kuma babu inda za a nuna shi kullum. Wannan ya canza ranar 1 ga Agusta 1981, da aka buɗe tashar talabijin ta MTV a Amurka, wadda a lokacin aikinta dare da rana shi ne nuna bidiyon waƙoƙi. Cikin ƴan shekaru kamfanoni suka lura cewa waƙar da MTV ta yawaita nunawa ita ke sayuwa a kanti. Daga nan tambayar da mai farautar mawaƙa ke yi ta ƙaru. Da can “ya muryarsu?” kawai yake tambaya, yanzu sai ya haɗa da “ya suke a kyamara?”

MTV ta ma buɗe gasa don ƙungiyoyin da ba su da kamfani, mai suna Basement Tapes. Ku yi bidiyonku da kuɗinku ku aika, a nuna, masu kallo su buga waya su zaɓa. A 1983 ƙungiyar Rail ta yankin Seattle ta ci gasar, ladanta kuwa yarjejeniya da kamfanin EMI America, kuma faifan ya fito a 1984. A nan bidiyon gwaji ya koma takardar kwantiragi kai tsaye, kuma jama'a ne suka zaɓa, ba wani mutum ɗaya a ofis ba. Amma yau in ka tambayi masu sauraron rok su wane ne Rail, kaɗan ne za su sani.

Da kyamara ta shiga aljihu

YouTube ta fito a 2005, wayoyi masu kyamara suka yi arha, shingen tsada ya faɗi. Yanzu ba sai ka aika wa kowa ba, ka ɗora kawai, mai rabo ya gani.

A 2007 tsohuwar ƙungiyar nan ta Amurka, Journey, tana neman sabon mawaƙi. Mai jitarsu Neal Schon ya zauna yana duba YouTube, sai ya ci karo da wani ɗan ƙasar Filifin, Arnel Pineda, yana rera waƙoƙinsu da ƙungiyarsa The Zoo a gidajen rawa na Manila. Mutum ne mai shekara 40, wanda ya yi kwanan titi yana yaro, ya kuma shafe fiye da shekara ashirin yana waƙa ba tare da duniya ta san shi ba. Bidiyon ma wani masoyinsa ne ya ɗora. Aka kira shi Amurka aka gwada shi, a watan Disamba 2007 aka sanar da shi ne sabon mawaƙin Journey, a 2008 suka fitar da faifai tare. Ku lura, ko da bidiyon ya burge su, sai da suka sa shi ya zo ya tsaya gabansu ya rera.

Sai labarai biyu da nake so mu ajiye kusa da juna, don a nan darasin yake.

Na farko, wasu yara uku baƙar fata daga unguwar Brooklyn a New York, ƙungiyar Unlocking the Truth. Sukan kafa kayansu a dandalin Times Square su yi ta kaɗa rok mai nauyi, masu wucewa na jefa musu kuɗi. A 2013 bidiyonsu ya karaɗe intanet. A 2014, suna da shekara 12 zuwa 13, kamfanin Sony ya ɗauke su, jaridu suka yi ta buga cewa yarjejeniyar ta kusan dala miliyan 1.8 ce, ta faifai biyar. Saboda ƙanana ne, sai da aka kai takardar kotu don ta amince, a nan ne aka ga abin da ke ciki. Kuɗin kafin alƙalami na faifan farko dala 60,000 ne, sauran kuwa sai in faifan ya sayu sosai kuma kamfani ya ga damar ci gaba da su. A 2015 suka nemi a sake su, suka rabu da Sony ba tare da faifai ko ɗaya ya fito ba. Faifansu na farko sai a 2016 ya fito, da kansu suka fitar.

Ya kamata a gane yadda wannan kuɗi yake, don nan ne da yawa ke ruɗewa. Kuɗin kafin alƙalami ba kyauta ba ne. Kamfani zai cire shi daga kason mawaƙi, sau da yawa har da kuɗin sitidiyo da na bidiyo, kafin mawaƙi ya sake ganin ko sisi. Kuma a galibin irin wannan yarjejeniya, kamfani ne ke mallakar naɗin. In an ce faifai biyar, yawanci ma'anarsa kamfani na da ikon riƙe ka har faifai biyar in ya so, ba wai ya yi alkawarin fitar da biyar ɗin ba.

Na biyu, wasu ƴan mata uku ƴan gida ɗaya daga birnin Monterrey na Meziko, Daniela da Paulina da Alejandra Villarreal, ƙungiyar The Warning. A 2014 suka ɗora bidiyonsu suna kaɗa wata waƙar Metallica a cikin gida, miliyoyin mutane suka kalla. Ba su shiga hannun babban kamfani nan take ba. Suka rubuta waƙoƙin kansu, masoyansu suka tara musu kuɗi ta intanet, suka fitar da faifai a 2017, suka sake wani a 2018. Sai a 2020 suka sa hannu da kamfanin Lava Records, shekara shida bayan bidiyon. Ranar da suka zauna ciniki, suna da waƙoƙinsu, suna da jama'arsu, sun san darajar kansu.

Ko ƴan matan nan na Los Angeles, The Linda Lindas, da bidiyonsu na ɗakin karatun birnin ya bazu a watan Mayu 2021, aka kuma sanar da shigarsu kamfanin Epitaph cikin ƴan kwanaki, ba daga sama suka faɗo ba. Tun 2019 suna hawa manyan dandali, kuma mahaifin biyu daga cikinsu ƙwararre ne a harkar naɗin faifai. Bidiyon ya hanzarta abin da ya riga ya kama hanya ne.

Namu na gida

Kada wani ya ce wannan duk labarin ƙasashen waje ne. Kiɗan jitar Abzinawa yau duniya na lissafa shi cikin rok, kuma ƴan Nijar biyu da suka fi nisa a ciki, kyamara da waya ne suka yi musu jagora.

Omara Moctar, wanda aka sani da Bombino, an haife shi a 1980 a yankin Agadas. A 2007 wani mai yawon naɗar kiɗa, Hisham Mayet na kamfanin Sublime Frequencies, ya naɗe shi a Agadas, naɗin ya fito a 2009. Amma rikicin arewa na 2007 ya riga ya kore shi zuwa Burkina Faso, bayan an kashe biyu daga abokan kiɗansa. Wani Ba'amurke mai shirya finafinai, Ron Wyman, ya ji kaset ɗinsa a hanya, ya yi ta cigiya har ya same shi a Wagadugu. Da zaman lafiya ya dawo, a watan Janairu 2010 Bombino ya yi babban wasa a gindin tsohon masallacin Agadas da izinin Sarkin Abzin, Wyman ya ɗauka ya sa a fim ɗinsa a kan Agadas da kiɗa da tawaye. Duk wanda ya ga hoton nan bai buƙatar a fassara masa Tamashek: ga saurayi da rawani da jita, ga hasumiyar ƙasa a bayansa, ga gari guda yana rawa bayan shekarun tsoro. A 2011 kamfanin Cumbancha ya fitar da faifansa mai suna Agadez. A 2013 kamfanin Nonesuch ya fitar da Nomad, wanda Dan Auerbach na ƙungiyar Black Keys ya naɗa a Nashville. Faifansa Deran na 2018 ya shiga takarar kyautar Grammy, karo na farko ga ɗan Nijar.

Labarin Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya ma fi kusa da mu. Jitarsa ta farko da kansa ya ƙera, da wayar birkin keke. A 2008 ya tsallaka Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a sitidiyo irin na waƙoƙin finafinan Hausa, da muryar nan da kwamfuta ke lanƙwasawa. Faifan bai shiga kanti ba. Ta Bluetooth da katin memwar waƙoƙin suka yi tafiya, daga waya zuwa waya, a tasha, a mota, a majalisar shayi, har suka kai arewacin Mali. A can Kidal wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, yana kwafar waƙoƙi daga wayoyin mutane, sai ya ci karo da waƙar Tahoultine. Matsalar ita ce irin waɗannan waƙoƙi sau da yawa ba sa ɗauke da cikakken sunan mai su, balle lambarsa. Sai da ya yi ta bincike kafin ya gano mai waƙar, don ya nemi izini ya kuma biya shi. Waƙar ta fito a 2011 cikin tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya buga na waƙoƙin wayoyin Sahara.

Wannan murya ce, ba bidiyo ba. Hoton ya zo daga baya. A 2015 Kirkley da Mdou suka fitar da fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka ɗauka a Agadas da harshen Tamashek, labarin mai jita da babur ɗinsa, a kan tsarin wani tsohon fim na mawaƙin Amurka Prince. Fim ɗin ya zaga bukukuwan finafinai a Turai da Amurka. Ga shi kuma bidiyon wasanninsa sun cika YouTube, ana ganin bahagon mai jita da yatsunsa ke gudu kamar ba na mutum ba. Shi da abokansa, Ahmoudou Madassane da Souleymane Ibrahim da Mikey Coltun, suka yi shekaru suna zagaye gari gari. A 2020 kamfanin Matador na New York, ɗaya daga gidajen rok masu daraja, ya ɗauke su, a 2021 faifan Afrique Victime ya fito. Ku ƙirga: daga Sakkwato zuwa Matador shekara 12 ke nan.

A 2020 ɗin dai, Sahel Sounds ya yi wani tsari da ya nuna inda zamani ya kai. Kowane wata ƙungiya ɗaya za ta naɗi waƙoƙi da waya, ta aika ta WhatsApp, a sayar a intanet. Ƙungiyar da ta buɗe tsarin ita ce Etran de L'Aïr, makaɗan bikin aure na Agadas. Wato wayar da ke hannunka yanzu ta isa ta yi aikin da Beatles suka yi tafiya har Landan dominsa.

Abin da tarihin ya nuna

In ka jera labaran nan tun daga 1962 zuwa yau, za ka ga bidiyo aikin shaida yake yi. Yana nuna wa wanda ke nesa cewa ƙungiyar nan da gaske ta iya, ba dabarar sitidiyo ba ce, kuma jama'a na amsa mata. Shi ya sa bidiyon da suka fi yin tasiri ba masu tsada ba ne: gidan rawa a Manila, bakin titi a New York, cikin gida a Monterrey, filin masallaci a Agadas. Ya kuma rage ƙarfin mutum ɗaya mai cewa a'a, irin wanda ya mayar da Beatles gida.

Amma bidiyo ba ya rubuta waƙa ta biyu da ta goma, ba ya karanta takarda, ba ya ciniki. Waɗanda suka ɗore, su Pineda da The Warning da Bombino da Mdou, duk sun yi shekaru suna aikin kafin a gan su ko bayan an gan su. Waɗanda kamfani ya ɗauka da zafin bidiyo kaɗai, sau da yawa da zafin ya huce sai maganar ta huce.

Don haka ga ƙannenmu masu jita da ganga a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, shawara kaɗan ce daga wannan tarihi. Ku ɗauki waƙarku ta kanku, ba ta wani kaɗai ba, kuma ku kula da sauti fiye da ado, don waya in ta matsa kusa da lasifika ƙara kawai take ɗauka. Ku sa sunan ƙungiya da garinku da hanyar samunku a jikin bidiyon kansa, saboda in ya bar wayarku ba ku san inda zai kwana ba, kuma ba kowa ne zai yi wahalar cigiya kamar yadda aka yi wa Mdou ba. Ku yi rajistar waƙoƙinku a BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa. In kuma Allah ya kawo wanda ya ce zai ba ku kwantiragi, ku tambaye shi abu uku kafin ku taɓa biro: wa zai mallaki naɗin, shekara nawa, kuma kuɗin da za a ba ku yanzu daga ina za a cire shi. In takardar da Faransanci ce ko Ingilishi, ku kai wa wanda ya san doka ya karanta muku layi layi.

Ga mu masu ɗaga waya a wurin biki kuma, in za ka tura bidiyon yaron nan, rubuta sunansa a ƙasa. Ba ka san hannun da zai faɗa ba.

Allah ya ba kowa sa'a a sana'arsa.